Gidan kifaye na Monako: yini guda gaban tekun da aka sa cikin ɗaki

Wanda aka haifa tsakanin Tawa da Damagaram yana iya tsufa bai taɓa ganin teku ba. Daga Yamai zuwa bakin teku na Kwatano tafiya ce ta fiye da kilomita 1000 a mota. Abin da ɗan lakwal ya sani game da teku shi ne shuɗin launi a jikin taswira, da ƴan sunaye da mushe ya sa shi ya hardace saboda jarrabawa. Amma ko mutanen da ke kwana suna tashi a gaɓa, saman ruwa kaɗai suke gani. Abin da ke ƙarƙashi a ɓoye yake, sai ga masu nitso. Dalili ke nan da ya sa manyan biranen bakin teku suka gina gidaje na musamman, inda ake zuba ruwan gishiri cikin tafkuna masu bangon gilashi, a sa halittun teku da ransu, jama'a su yanki tike su shiga kallo. Faransawa na ce wa irin wannan gida akwariyom. Da Hausa, gidan kifaye ya wadatar, ko da yake ba kifi kaɗai ke ciki ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa, suka kuma fi suna, yana Monako, ƴar ƙaramar ƙasa da ke manne da kudancin Faransa a bakin Bahar Rum. Faɗinta duka bai wuce murabba'in kilomita 2 da ɗoriya ba. In ban da Batikan, babu ƙasar da ta fi ta ƙanƙanta a duniya. Mutum fiye da 600,000 ne ke shiga gidan kifayenta kowace shekara, galibinsu iyaye ne da yara.

A cikinsu, ƴan shekarun baya, har da iyalin wani ma'aikacin asibiti, mutumin Adar, da ke aiki a birnin Nis. Mahaifiyarsa ce ta zo daga gida ganin jikoki. Ta yi wata biyu a hawa na huɗu na wani bene, ba tsakar gida, ba maƙwabciyar da za su yi hira. Jikokin nan uku can aka haife su, Faransanci ya fi zama a bakinsu, don haka daga "ina kwana" sai kowa ya kama gabansa. Da maigidan ya ga tsohuwa ta fara ƙirga kwanakin komawa, sai ya ce da maiɗakinsa a shirya, ranar Lahadi za a je Monako.

Daga Nis tafiya ce ta wajen kilomita 20. Jirgin ƙasa na bin gefen duwatsu, ya shiga rami ya fito, ruwa na ɓullowa yana ɓacewa ta taga, cikin ƙasa da rabin awa an isa. Daga tasha sai a hau tudun da tsohon gari da fadar sarki suke. Tiken babban mutum a lokacin ya kusa euro 20, wato wajen jikka 13 na sefa, na yaro ya ɗara rabin haka. Ga mai iyali shida, wannan ba fita ce ta kowane mako ba.

Sarkin da ya fi son jirgi

Wanda ya gina gidan shi ne Yarima Alber na ɗaya, da ya yi sarautar Monako daga 1889 zuwa 1922. Sarki ne da zaman jirgin ruwa ya fi masa daɗi bisa zaman fada. Tsakanin 1885 da 1915 ya fita tafiyar bincike sau 28, yana ɗauke da masana cikin jiragensa, daga tsibiran Asor har ƙanƙarar arewacin duniya. Suna auna zurfi, suna bin hanyar igiyar ruwa, suna zura koma inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba. A 1901 sun zaro kifi daga zurfin da ya wuce mita 6000.

A wannan tafiya ta 1901 aka fara wani aiki da kowane ma'aikacin lafiya ke cin moriyarsa har yau. Likitoci biyu, Charles Richet da Paul Portier, sun shiga binciken dafin wata halitta mai yawo a saman ruwa wadda ke harbin masunta. Da suka koma Paris suka ci gaba da gwaji kan karnuka, da niyyar su saba musu da dafi kaɗan-kaɗan. Sai suka ga akasin abin da suke nema: karen da ya jure allurar farko, ta biyu, ko da ƴar kaɗan ce, sai ta kashe shi cikin mintoci. Nan aka gane cewa jiki da kansa yana iya yi wa abin da ya taɓa shigarsa mummunan bore. Shi ya sa a asibiti ake tambayar mara lafiya ko wani magani ya taɓa tayar masa da ƙaiƙayi ko shaƙewa kafin a yi masa allura. Richet ya sami kyautar Nobel a kan wannan a 1913.

Don ajiye abin da ya tara, da nuna shi ga jama'a, Alber ya sa aka aza harsashin gini a 1899. Shekara 11 aka yi ana aiki, aka ci tan 100,000 na farin dutse, aka buɗe ran 29 ga Maris na 1910. Ginin a jikin dutsen gaɓa yake manne, daga ruwa zuwa rufinsa mita 85. Ƙofar shiga tana sama, ta wajen gari, tafkunan kuwa suna ƙasa. Mai kallo sauka yake yi, kamar mai shiga rijiya.

Cikin duhu

Abin da ke fara tarbar mutum shi ne duhu da sanyi, sai wani shuɗin haske da ke fitowa daga bango. Tsohuwa ta yi bisimilla, ta kama hannun ƙaramin jikanta, wanda take kira maigida bisa wasan kaka da jika. Gabansu ga gilashi ya fi tsayin ɗaki, kaurinsa wajen santimita 30, bayansa kuma ruwa ne mai zurfin mita 6. Wannan shi ne babban tafkin gidan, mai cin lita 450,000. In aka mayar da shi ma'aunin gida, tano 2,250 ke nan, ko bido 22,500 mai lita 20.

Ciki kifayen nan masu cin nama ne ke kewayawa, waɗanda Faransawa ke kira rekan. Ba su da ƙashi ko ɗaya, guringuntsi ne duk jikinsu, haƙoransu kuwa in wani ya faɗi wani na bayansa ya maye gurbi, har iyakar rayuwa. Yara kan ja da baya in ɗaya ya nufo gilashi. A gaskiya shi ya kamata ya ja da baya: mutanen da irin kifin nan ke kashewa a duniya ba su cika wuce goma ba a shekara, alhali wani ƙiyasin masana na 2013 ya nuna masunta na kashe wajen miliyan 100 daga cikinsu duk shekara.

Gidan na riƙe da halittu wajen 6000, an kasa su gida biyu: na Bahar Rum, da na tekuna masu ɗumi. Ba a iya ganinsu duka a yini ɗaya, kuma wanda ya ce sai ya tsaya gaban kowane gilashi zai fita da ciwon kai, bai riƙe komi ba. Yara sun fi manya sanin wannan. Sukan wuce goma a guje, su liƙe wa guda. Na tsakiya ya liƙe wa wata halitta mai hannu takwas, mara ƙashi, mai zuciya uku da shuɗin jini, da ke sake launin jikinta ta saje da dutsen da ta kwanta a kai. Sai da ubansa ya nuna masa idonta sannan ya yarda akwai wani abu a wurin.

Babbar, ƴar shekara goma sha biyu, ita ta zama tafinta ba da shiri ba. Kowane gilashi da allonsa na bayani da Faransanci, kakar kuwa ba ta barin tambaya. Yarinya ta karanta, ta lalubo Hausar da take da ita, uwar ta cike mata gurbi. A gaban wani ɗan kifi mai kai irin na doki, da ke tsaye cikin ruwa ya naɗe wutsiya a jikin ciyawa, ta ce: "Kaka, wannan namijin ne ke ɗaukar ciki." Tsohuwa ta ce: "Kishiya, sake karantawa dai." Aka sake. Haka abin yake: macen dokin teku na zuba ƙwai cikin wata jaka a cikin namiji, shi ke renonsu har ya haife su. Tsohuwa ta dubi surukarta, surukar ta sunkuyar da kai tana dariya, maigida ya yi kamar bai ji ba.

Inda ta daɗe tsaye shi ne gaban wani jan reshe da ya tsiro a jikin dutse, da ƴan fararen furanni a kansa. Da aka ce mata murjani ne, sai ta taɓa wuyanta. Murjani na ainihi, ba na kwalba ko roba da ya cika kasuwa ba, daga Bahar Rum fatake suka riƙa kawo shi, ya ratso hamada a bayan raƙuma har ƙasar Hausa. Ta san shi tun tana yarinya, a wuyan uwarta, tana ɗaukarsa dutse. Ga shi ashe ba dutse ba ne, ba kuma itace ba: ginin wasu ƙananan dabbobi ne, furannin nan su ne dabbobin, suna miƙa hannu suna kama abinci. Abin da ake hudawa a sa a zare ƙashinsu ne.

Tambayar mai ɗebo ruwa

Bayan an ɗan zauna a benci, sai tsohuwa ta yi tambayar da ba a rubuta amsarta a kan allo ba. Ta ce da ɗanta, ba ta kama sunansa ba don ɗan fari ne: "Kai, wa ke ɗebo wannan ruwa duka? In ya ɓaci kuma, ina ake zubar da shi?" Mai yawon buɗe ido ba ya yin wannan tambaya. Sai wadda ta yi shekara hamsin tana jan guga.

Amsar rabin farko tana bayan bango, inda mai tike ba ya shiga. Injunan famfo ne ke jawo ruwa daga teku, daga zurfin da ya wuce mita 50 a gindin dutsen, dare da rana. A tace shi, a ɗumama na kifayen ƙasashen zafi zuwa wajen digiri 25, a sanyaya na sauran. Akwai masu auna gishiri da iskar da ke cikin ruwa, akwai masu yanka abinci daidai bakin kowace halitta, akwai masu nitso da ke shiga su goge gilashi ta ciki. Baƙon kifi ba ya shiga cikin ƴan'uwansa sai ya yi zaman keɓewa, don kada ya kawo cuta. In inji ya tsaya na ƴan awoyi ba a ankara ba, aikin shekaru na iya mutuwa. Irin wannan kula ce ta sa murjanin ƙasashen zafi da aka ɗebo daga gaɓar Jibuti a 1989 ya rayu a Monako, ya yi ta tsiro, a lokacin da ake ganin rainonsa cikin ɗaki abu ne mai wuyar gaske.

Rabi na biyu na tambayar shi ne wanda ya taɓa jawo wa gidan magana. A 1984 aka ga wata koriyar ciyawar teku, mai ganye kamar gashin tsuntsu, ta tsiro a ƙarƙashin ruwa daidai gindin ginin. Faɗinta murabba'in mita ɗaya, bai kai tabarma ba. Sunanta a wurin masana Caulerpa taxifolia. Ciyawar ƙasashen zafi ce, amma wani irinta da aka raina a gidan dabbobi na Stuttgart, a Jamus, ya nuna yana jure sanyi, ga kyau, ga saurin girma, don haka aka rarraba shi ga gidajen kifaye don ado, har da na Monako. Ba wanda ya cire ta, don an ɗauka hunturu zai kashe ta. Hunturu ya zo ya wuce. A 1989, lokacin da Alexandre Meinesz, malami a jami'ar Nis, ya nitsa ya duba, ta rufe wajen hekta ɗaya.

Ciyawa ce mai dafi, galibin kifaye ba sa cinta. Guntunta kaɗan, in ya maƙale a ƙugiyar jirgi ko a koma, ya faɗa wani wuri, sai ya kafa sabuwar gona. Tana danne ciyawar asali ta Bahar Rum, inda ƙananan kifaye ke ɓuya su girma. Meinesz ya yi ta kai kuka ga hukumomi. Shugabannin gidan na lokacin suka ce ba daga wurinsu ta fito ba, wataƙila ta mashigin Suwez ta shigo. Ana wannan gardama ciyawa na tafiya. Faransa ta hana sayar da ita da ɗaukarta a 1993. A 1998 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa wadda ke cikin teku da wadda ke cikin gidajen kifaye iri ɗaya ce. Zuwa 2000 ta kama wajen hekta 13,000 a ƙasashe shida: Monako, Faransa, Italiya, Sifen, Kuroshiya da Tunisiya.

A shekarar ta 2000 ta ɓulla a wata ƴar fadama ta bakin teku a Kaliforniya, cikin Amurka. Can ba a tsaya neman mai laifi ba. Cikin ƴan makonni aka lulluɓe ta da tamfol, aka zuba sinadarin kulorin a ƙarƙashi, aka yi ta sa ido har 2006, lokacin da aka tabbatar ta ƙare. A Bahar Rum kuwa lokacin cirewa ya riga ya wuce. Sa'a aka ci, daga tsakiyar shekarun 2000 ta fara ja da baya da kanta, ta ɓace daga wurare da yawa na gaɓar Faransa. Wannan sa'a ba ta wanke jinkirin da aka yi ba. Abin da mutum ɗaya zai iya tugewa da hannu a 1984, shekara goma bayan haka ƙasashe sun kasa.

Abin da ya ƙara wa labarin nauyi shi ne wanda ke shugabancin gidan a 1984: Jacques-Yves Cousteau, da duniya ta sani da Kumandan Kusto, ya riƙe shi daga 1957 zuwa 1988. Shi da injiniya Émile Gagnan suka ƙera, a 1943, na'urar da mai nitso ke goyawa ya yi numfashi a ƙarƙashin ruwa. Finafinansa ne suka fara nuna wa miliyoyin mutane cikin teku. A 1960, da hukumar nukiliya ta Faransa ta shirya zubar da sharar ta mai guba tsakanin Nis da tsibirin Kors, shi ne ya tayar da jama'a har aka fasa. Ba wanda zai ce mutumin nan bai son teku. Duk da haka a gindin gidansa abin ya tsiro.

Mutanen bakin kogin Isa ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ke toshe hanyar kwalekwale da magudanar gonakin shinkafa, asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma don kyan furenta aka fara yawo da ita ƙasa-ƙasa.

Daga ƙashin kifi zuwa rufin gida

Daga tafkuna sai a hau sama, inda aka ajiye kayan Alber: komaye, ma'aunai, kwalabe cike da halittun zurfi, da ƙasusuwa. A tsakiyar wani zaure an rataye ƙashin babbar dabbar teku da Faransawa ke kira balen, tsawonsa wajen mita 18. Dabba ce mai shayar da ɗanta nono, mai fitowa sama ta shaƙi iska, ba kifi ba ce. Yaran suka auna shi da taku, suka yi gardama kan adadin.

Nan maigida ya gaya wa ƴaƴansa abin da ya koya a lakwal bai taɓa gaya musu ba: ƙasar kakarsu ma ta taɓa zama ƙarƙashin teku. Masana ilimin duwatsu sun nuna cewa, shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce, wani hannun teku ya ratsa inda Sahara take yau, ya rufe yankin Tawa. Farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza a gindin wannan ruwa ya taru. Tsohuwa ba ta ce komi ba kan miliyoyin shekaru. Amma da ta ga wasu ɓawon halittu da suka zama dutse a cikin akwatin gilashi, ta ce irinsu ne yara ke tsinta a kan tudu, suna wasa da su a wurin kiwo.

An ƙare a kan rufi, inda ake zama a ci guzuri a sha iska. Daga nan ana hango gaɓar Faransa da ta Italiya, in aka leƙa ƙasa kuma ga ruwa na dukan dutse, mita 85 a ƙarƙashin ƙafa. Tsohuwa ta leƙa sau ɗaya ta ja baya. Sai ƙaramin ya zo a guje ya ja zanenta, yana cewa da Faransanci ta zo ta ga wani abu. A wani shinge mai yashi da fitilar ɗumi, wasu manyan dabbobi masu ƙoƙon baya ne ke tauna ganye a hankali.

Waɗannan ba sai an karanta mata allo ba. Kunkuru ne na Sahel, irin wanda ke haƙa rami ya shige lokacin bazara, wanda babu mai girmansa a doron nahiyar Afirka, kuma wanda ya yi ƙaranci a daji saboda kamu da cinyewar makiyaya. Daga Mali aka kawo su, kyautar shugaba Amadu Tumani Ture ga Yarima Alber na biyu. Sun zauna, har sun yi ta haihuwa. A karo na farko tun safe, ita ke bayani, jikoki na saurare. Ta faɗi sunansa, suka maimaita, ta gyara musu, suka sake. Ta gaya musu abin da yake ci, da yadda yake kwana a rami wata da watanni ba ya neman ruwa, da irin wayon da ake ba shi a tatsuniya. Sai da mai gadi ya zo ya ce lokacin rufewa ya yi.

Bayan kwana goma ta koma Adar. A watan Disamba na 2022 aka ɗauki 46 daga cikin ƴaƴan kunkurun da aka ƙyanƙyashe a kan rufin, aka sa su a jirgin sama zuwa Senegal, aka sauke su a gidan rainon kunkuru na Noflaye, kusa da Dakar, don su saba da rana da ƙasa kafin a kai su dajin Ferlo.